Shingen Ƙarfe a Baranda da Bene: Amanar da ke Wuyan Mai Gida da Mai Walda

Laccar da aka gabatar a garin Gombe, gaban taron magina, masu walda da masu gidaje

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ƙarfe Ya sanya ƙarfi da amfani a cikinsa domin bayinSa, Ya tausasa shi ga Annabi Dawuda, alaihis salamu, har ya riƙa saƙa sulke da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, na san a cikinku akwai wanda da ya ji maudu'in da aka ɗora mini, wato kafa shingen ƙarfe a bakin baranda da matakala da dandamalin shan iska na cikin lambu, da kuma yadda ake kula da shi, ya ce a ransa wannan ai magana ce ta tsakanin mai gida da mai walda, wadda ake gamawa a tsaye a ƙofar shago, ba ta kai a tara dattawa dominta ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin wani bene da la'asar, ya ɗaga kai ya ga yara sun jeru sun ɗora ƙirjinsu a kan ƙarfen baranda suna leƙen titi, alhali babu abin da ya raba su da ƙasa sai waɗansu 'yan ɗige-ɗigen walda da ba wanda ya sake dubawa tun ranar da aka biya kuɗin aiki, zai yarda cewa al'amarin ya wuce na ciniki, ya shiga babin kiyaye rai, wanda malaman usulu suka lissafa cikin manyan manufofin Shari'a. Abin da nake so in tabbatar muku a yau shi ne, shinge mai rauni ya fi rashin shinge haɗari, domin inda babu kome mutum yakan ja da baya don kansa, amma inda ya ga ƙarfe a tsaye yana sheƙi, sai ya saki jiki ya jingina, ya miƙa masa dukkan nauyinsa bisa amana.

Kafin mu shiga aikin hannu, ya kyautu mu tuna yadda wannan bukata ta same mu. Masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta zauna a Gombe Abba, daga baya Turawa suka mai da mazauninta Nafada, kana a shekarar 1919 aka dawo nan Gombe Doma. A wancan zamani, kamar sauran ƙasar Hausa da ta Fulani, wanda Allah Ya hore wa yakan gina soro ne da ƙasa da azara, magini kuma ba ya sauka daga kan aiki sai ya ɗaga rawani ya kewaye bakin rufin, ya fitar da indararo, ya kafa zanko a kusurwa. Saboda haka katangar da ke tsare mai hawa tana cikin jikin ginin tun asali. Sai jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979, aka kuma ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin ya zama babban birnin jiha. Daga nan fili ya yi tsada, jama'a suka yawaita, aka koma zuba dekin ana hawa sama, tun daga Jekadafari da Bolari da Pantami har zuwa Tumfure, makarantu da otal-otal da shagunan kasuwa duk suka zama benaye. Ga shi kuma garin namu a gangare yake, ƙasarsa mai rairayi, ruwa ya yanka kwaruruka a cikinsa, har yakan zama gidan da ba bene ba ma a iske dakalinsa ta wani gefen ya fi tsayin mutum. Mun karɓi sabon gini da hannu biyu, amma ladabin da ke tafe da shi mun bar shi a baya.

Shi kuwa wannan ladabi ba Turawa suka fara kawo shi ba. Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Jabir, Allah Ya yarda da shi, hani ga mutum ya kwana a kan soron da ba a kewaye shi ba, Abu Dawuda kuma ya kawo makamancin wannan; a cikin Attaura ma akwai umurni ga mai sabon gida ya yi wa rufinsa katanga don kada jinin wani ya hau kansa. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa idan bangon mutum ya karkata, aka gargaɗe shi gaban shaidu, ya sami dama bai gyara ba har ya faɗa wa wani, to lamuni yana kansa. Wani magini na birnin Tunis mai suna Ibnur Rami, a ƙarni na 14 na Miladiyya, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, domin alƙalai sukan aike shi ya dubo musu gine-ginen da ake jayayya a kansu. Faɗuwa kuwa ba ta san mai mulki ba: Sarki Humayun na daular Mugal, wanda ya mallaki birnin Delhi, a kan matakalar ɗakin karatunsa ya zame a shekarar 1556, ajalinsa ke nan. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda Ya ƙaddara Shi ne Ya umurce mu da riƙon sababi.

To, mene ne sharuɗɗan shingen da ya cika shinge? Uku ne: tsayi, da tazara, da ƙarfi. Game da tsayi, ƙa'idar gini ta Ingila ta ajiye santimita 110 ga baranda, wato ƙafa uku da inci bakwai, da santimita 90 ga matakala. A Amurka kuwa inci 36 ne a gidajen zama, inci 42 a wuraren jama'a, kuma duk dandamalin da ya ɗaga daga ƙasa fiye da inci 30 wajibi ne a kewaye shi. Hikimar abin ita ce ƙarfen sama ya wuce ƙugun baligi, domin in ya tsaya a cinya, wanda ya yi tuntuɓe kifawa zai yi ta kansa. A lura kuma, daga saman tayil ake awo, domin sau da yawa mai walda yakan auna daga kan kankare tsirara, daga baya a zo a zuba yashi da siminti a shimfiɗa tayil, inci biyu ko uku su tafi ba wanda ya ankara.

Game da tazara, duk ƙasashen nan biyu sun haɗu a kan kada ratar da ke tsakanin sanda da sanda ta kai yadda ƙwallo mai faɗin santimita 10, wato inci huɗu, zai wuce, haka ma tsakanin ƙarfen ƙasa da daɓe. Dalili kuwa, jikin ƙaramin yaro yana iya zurarewa ta inda kansa ba zai bi ba, sai ya rataye. Sandunan kuma a tsaye ake so su kasance. Wanda ya jera su a kwance, ko ya cika tsakiya da zanen fure da dagi mai wurin sa ƙafa, ya gina wa ɗansa tsani ne da kuɗinsa. Kujera ko bokiti ko tukunyar fure da aka ajiye a gindin shinge su ma suna rage masa tsayi gwargwadon tsayinsu.

Game da ƙarfi, abin da ake nema ga barandar gida a Ingila shi ne kowace mita ɗaya ta ƙarfen sama ta jure turi na kimanin kilo 75, nauyin buhun siminti ɗaya da rabi ke nan, ana tura shi waje. A wuraren cunkoso kuwa ninki biyu ne har zuwa huɗu. Sun tsananta a kan wannan ne bayan sun sha ɗaci, kamar abin da ya auku a filin ƙwallo na Ibrox a birnin Gilasgo ranar 2 ga Janairu, 1971, inda jama'a suka danne juna a kan matakala, ƙarafan suka lanƙwashe, mutum 66 suka rasu. Ina roƙon masu makarantun bene, na boko da na Islamiyya, su kwatanta wannan da abin da ke faruwa a matakalarsu a duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Sai zaɓen ƙarfe. Mafi yawan aikinmu da baƙin fayif ne mai kusurwa huɗu, da rodi, da angil, kuma ba su da aibi in an sayi mai kauri. Illar ita ce fayif biyu suna iya zama faɗinsu ɗaya a ido, alhali naman ɗaya bai kai milimita 1 ba, na ɗayan kuwa milimita 2 ne, farashinsu kuma ba ɗaya ba. Mai gida ya matsa a rage kuɗi, mai walda ya ji tsoron kada aikin ya kuɓuce masa zuwa maƙwabcinsa, sai ya amsa, ya je ya cike giɓin da siririn fayif wanda sandar walda tana taɓa shi yake hujewa. Araha dai ba ta ado. Shawarata ita ce ginshiƙai da ƙarfen sama kada su gaza milimita 2, a kuma rubuta kaurin a takardar yarjejeniya, mai gida ya ga bakin fayif ɗin da idonsa kafin a toshe shi. Akwai fayif mai rufin tutiya, wanda ya fi jure tsatsa nesa ba kusa ba, sai dai wuta tana ƙone tutiyar a wurin walda, dole a bi wurin da fenti na musamman. Akwai kuma farin ƙarfen nan sitenles da ake yayi yanzu, shi ma daraja-daraja ne: mai lamba 304 shi ne na kirki a irin ƙasarmu, 316 na bakin teku ne kamar Legas da Fatakwal, 201 kuwa shi ne mai sauƙin kuɗi, wanda kan fitar da ɗige-ɗigen tsatsa in ya sha damina. Masu gwada shi da maganaɗisu su sani cewa gwajin ba ya raba 201 da 304, domin duka biyun ba su cika kama shi ba.

Yanzu mun iso wurin da nake so mu daɗe, wato gindin ginshiƙi, domin a nan ne mafi yawan shinge ke mutuwa. Mutum in ya jingina a sama, ƙarfin turin yana ninkuwa ne a ƙasa, kamar yadda ɗan ƙaramin yaro ke iya ɗaga dutse da doguwar sanda. Hanya mafi inganci ita ce tun kafin a zuba dekin, magini da mai walda su zauna tare, a binne farantan ƙarfe masu ƙafafu a cikin kankaren, a ɗaure su da rodin ciki, a bar fuskarsu a waje inda za a ɗora ginshiƙai. Tun ran gini tun ran zane. In an riga an zuba, to a bari kankaren ya cika kwana 28 ya nuna, sa'an nan a yi wa kowane ginshiƙi faranti mai kaurin milimita 6 ko fiye, a huda a ɗaure shi da ƙusoshin kankare huɗu waɗanda suka ratsa tayil da yashin ƙarƙashinsa suka shiga cikin kankare na ainihi, nesa da baki da kamar inci huɗu don kada gefen ya ɓalle. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi kada ya wuce ƙafa huɗu zuwa biyar, ƙarshen ƙarfen sama kuma a kama shi da bango ko fila, domin shingen da ya yi kwana ko ya kama bango ya fi wanda ya tsaya shi kaɗai a miƙe.

Abin da muka fi gani kuwa daban ne. Za a zo bayan an gama fenti, a sa kurfi a fasa tayil, a tona ɗan rami mai zurfin yatsa, a tsayar da fayif, a cusa ɓaraguzan bulo, a shafe da siminti. Ko kuma a dasa shi a kan bulo mai rami wanda ba a cika shi da kankare ba. Ranar da aka gama, in ka girgiza shi ba ya motsi. Amma ku je ku durƙusa a gindin irin wannan ginshiƙi bayan damina biyu ko uku: za ku ga wani jan zobe ya kewaye shi a kan tayil, simintin ya tsage kamar tafin kaza, fentin ya kumbura, in kuka sa farce ya ɓare, in kuka danna da bakin sukundireba sai ya shige. Abin da ya faru shi ne, ruwan wanke daɓe da na sama sun taru a ramin, wani kuma ya shiga ta saman fayif ɗin da ba a toshe ba ya kwanta a cikinsa, ƙarfen yana ci daga ciki inda burushi ba ya kaiwa. Ita tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, sai ta buɗa simintin, ruwa ya ƙara samun hanya. Maganin wannan ba shi da tsada: a toshe kan kowane fayif da walda, a huda ɗan ƙaramin rami a ƙasansa don abin da ya shiga ya fita, a ɗaga siminti a gindin ya zama ɗan tudu, a kuma karkata daɓen baranda ruwa ya riƙa gudu waje. Inda aka yi dandamali na katako a lambu, irin wanda ya yawaita a Turai kuma wasu otal-otal ke kwaikwaya, ginshiƙin a jikin manyan katakan ƙarƙashi ake ɗaure shi da noti mai ratsawa, ba a kan allunan da ake takawa ba. A nan ƙasar kuma sai an riƙa leƙa ƙarƙashin saboda gara.

'Yan uwana masu walda, ku yi mini haƙuri in faɗi wadda ta shafe ku. Ɗigon da ake yi don a riƙe ƙarfe kafin a daidaita shi ba walda ba ne, somin-taɓi ne; wajibi ne a dawo a zagaye mahaɗar gaba ɗaya, a ƙwanƙwashe ƙashin waldar, a duba ko ta narke ta shiga. Na san wuta ba ta tsayawa, janareta yana shan mai, in kuma ƙarfinsa ya gaza sai waldar ta zauna a sama kamar kashin awaki ba ta kama ba. Amma wanda ya ga haka, ya sa injin gurza ya share, ya cike ramin da bodi fila, ya shafa fenti, ya tuna da hadisin da Muslim ya ruwaito na mai sayar da abinci wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, da abin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗa a kan algus a ranar. Wancan abinci ne. Wannan kuwa rai ne. Ku kuma ji tausayin kanku da na yaran shagonku: baƙin tabarau na kasuwa ba ya tsare ido daga hasken walda, hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi kuma shan madara ba ya hana shi, dogon fayif a kan bene kusa da wayar lantarki kuwa ya hallaka ma'aikata da yawa.

Fenti shi ne rigar ƙarfe, asirinsa kuma yana ga abin da aka yi kafin a buɗe gwangwani. A goge mai da tsatsa da burushin waya da samfefa har ƙarfen ya fito, a shafa jan fentin nan na ƙasa a ko'ina, musamman mahaɗai da ƙarƙashin ƙarfen ƙasa inda ido ba ya gani, a bari ya bushe, kana a bi da fenti mai mai shafi biyu. Kada a tsinka shi da fetur don ya yaɗu, kada a shafa da tsakar rana ƙarfe na ƙuna, kada kuma a shafa ranar da hazo ya sauko. Wanda barandarsa ke kallon rana ya guji baƙin fenti a inda ake dafawa, domin a watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai digiri 40, ƙarfen da ba ya taɓuwa ba zai ceci tsoho a kan matakala ba.

Kulawa kuwa, Allah Ya sauƙaƙa mana ita, tun da muna nesa da gishirin teku, kuma rabin shekararmu rani ne. Dubawa biyu a shekara ta isa: ɗaya a ƙarshen hunturu kafin ruwan farko, a wanke ƙurar da ta taru a lunguna, domin ita ce ke riƙe danshi in ruwa ya sauka, a kankare inda ya yi ja a taɓa masa fenti, ɗaya kuma a watan Oktoba ko Nuwamba, a ga abin da damina ta bari. A kowane karo mai gida ya kama kowane ginshiƙi da hannu biyu ya girgiza da ƙarfinsa, ya ɗaure notin da ya saki. Wanda ya motsa, a rufe ƙofar barandar a ranar, kada a ɗaure shi da waya a ce sai an sami kuɗi. Iyayenmu mata su taimaka da rage shanya jiƙaƙƙun kaya a kansa, da kawar da tukwanen fure daga gindinsa, domin ruwan ban-ruwa da takin zamani suna cin ƙarfe. Sitenles kuma ruwa da sabulu kawai yake so, ruwan bilic da asid ɗin wanke tayil suna ɓata shi. Wayar janareta ba a ɗaure ta a jikin shinge. Wanda kuma ya rufe barandarsa ruf da ƙarfe saboda ɓarayi, ya bar ƙofa guda mai buɗewa, mabuɗinta a inda kowa a gidan ya sani, saboda ranar gobara.

Akwai kuma shingen da ba na kowa ba domin na kowa ne, wato na gadoji da kwalbatoci da bakin manyan magudanan da aka gina a kwaruruka. Wanda ya yanke irin wannan ƙarfe da dare ya sayar a kilo, da wanda ya saya yana sane, su sani duk wanda ambaliya ta ja ta wannan giɓi suna da kaso a cikin alhakinsa. Masu unguwanni da limamai suna da abin faɗa a nan.

A ƙarshe, ina kira ga shugabannin masu walda su haɗa kai su tsayar da awo guda wanda ba mai sauka ƙasa da shi kome matsin mai gida, domin muddin wani zai karɓi aikin da wani ya ƙi saboda tsoron Allah, mai gaskiya ne zai riƙa kwana da yunwa. Ina kira ga hukumomin da ke sa hannu a taswirar gini su riƙa dawowa su auna shinge kafin a tare. Masu gidajen haya su sani ɗan haya amana ne a hannunsu. Ku kuma masu gidaje, kowa in ya koma yau, tun kafin magariba, ya ɗauki tef ya auna tsayi da tazara, ya girgiza ginshiƙansa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya gani ya gyara shi cikin wannan mako. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.